Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙera Ƙaramar Dabba da Gashin Tumaki a kan Ƙwarangwal na Waya

Mafi yawan tambayoyin da masu koyon wannan aiki suke yi a kan gashi da allura suke tsayawa, amma idan aka duba dabbobin da suka ƙi fitowa yadda ake so, sai a tarar laifin ya samo asali ne tun daga waya, kafin a ɗora ko sili ɗaya na gashi. Shi ya sa amsoshin da ke ƙasa suka fi daɗewa a kan ƙwarangwal fiye da sauran matakai.

Ta yaya gashi yake dunƙulewa da allura kawai, babu zare babu gam?

Kowane silin gashin tumaki yana lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar ɓamɓarokin kifi, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Ita kuma allurar wannan aiki ba ta da kafar zura zare. Abin da take da shi wasu 'yan tsagu ne a gefen tsininta. Idan aka soka ta, tsagun su kamo silin da ke sama su tura shi ciki, idan aka zaro ta kuma ta fito ba tare da ta jawo shi ba. Da aka yi ta caccaka, sai silin ya sarƙe da juna, ɓawon ya hana shi warwarewa, gashin ya tsuke ya yi tauri.

Asalin allurar ta injin masana'anta ce, inda dubbai suke hawa da sauka a jikin allo guda don yin shimfiɗu irin na ƙarƙashin kafet da na cikin mota, kuma har yanzu kamfanoni irin su Groz-Beckert na Jamus don injuna suke ƙera ta. Wannan ne dalilin da ya sa kan allurar yake a lanƙwashe, domin ta zauna a raminta a jikin allo. Sai a shekarun 1980, a Amurka, masu aikin hannu suka fara riƙe ta ɗaya ɗaya suna siffanta abubuwa da ita.

Dole ne sai an sa waya?

Ba dole ba ne. Bushiya da mujiya a zaune da kyanwa a naɗe tana barci duk ba sa buƙatarta, domin jikinsu dunƙule yake. Ana neman waya ne inda gashi shi kaɗai ba zai iya ɗaukar nauyi ba, wato ƙafafu sirara da dogon wuya da doguwar jela, ko kuma inda ake son a riƙa sauya wa dabbar tsayuwa bayan an gama. Waya tana rage saurin aiki, tana kuma cin allurai, saboda haka ya fi kyau mai koyo ya fara da siffa biyu ko uku marasa waya, har hannunsa ya san yadda gashi yake tsukewa.

Wace irin waya ce ta dace?

Wayar alminiyum ce aka fi amfani da ita, domin tana lanƙwasuwa da hannu, ba ta da nauyi, kuma ba ta yin tsatsa. Wayar ƙarfe mara rufi tana iya yin tsatsa ta ɓata gashi mai haske daga ciki, jan ƙarfe kuwa yana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa shi, har ya zo ya gagari yatsa.

Ana rubuta kaurin waya da lamba, kuma abin da ke rikita mutane shi ne lambar tana hawa ne yayin da wayar take sirancewa. A ma'aunin Amurka, lamba 14 kimanin milimita 1.6 ce, lamba 16 kimanin 1.3, lamba 18 kimanin milimita 1, lamba 22 kimanin 0.6, lamba 26 kuma kimanin 0.4. Ga dabba mai tsawon santimita 10 zuwa 15, alminiyum mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5 ya isa ƙashin baya da ƙafafu, sai a nemi siririya mai rufin takarda ko zare, irin wadda masu haɗa furanni suke amfani da ita, don yatsu da jela. Akwai kuma waya mai gashi-gashi wadda ake sayar wa yara don aikin hannu. Gashi yana kama ta nan take, kuma ta wadatar ga ɗan ɓeran da bai wuce tsawon yatsa ba, amma idan dabbar ta fi haka girma ƙafafunta za su riƙa lotsawa.

Yaya ake auna ƙwarangwal a haɗa shi?

Nan ne aikin yake cin nasara ko ya faɗi. Kafin a taɓa filaya, a nemi hoton ƙasusuwan dabbar daga gefe, a zana shi a takarda daidai girman da ake son siffar ta kasance, sannan a riƙa ɗora wayar a kan zanen ana lanƙwasawa. Aunawa da ido daga hoton dabba mai gashi yana yaudara, domin gashi yana ɓoye gaɓoɓi.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne yadda dabbar take taka ƙasa. Kare da kyanwa a kan yatsunsu suke tafiya, akuya da doki kuwa a kan kofato, wato ƙarshen yatsa. Saboda haka gaɓar nan ta ƙafar baya wadda take nuna baya, wadda mutane da yawa suke ɗauka gwiwa ce da ta juye, ba gwiwa ba ce, diddige ne da ya ɗaga sama. Gwiwar gaskiya tana can sama kusa da ciki, tana kallon gaba kamar ta mutum. Haka ma a ƙafar gaba: gwiwar hannu tana manne da ƙirji, abin da ake gani a tsakiyar ƙafar akuya kamar gwiwa kuma wuyan hannu ne. Zomo da kurege idan sun zauna sukan shimfiɗa tafin ƙafar baya duka a ƙasa, har diddige. Wanda ya lanƙwasa waya sau ɗaya a tsakiyar kowace ƙafa zai sami ƙafafun tebur, kuma duk yawan gashin da ya lafta daga baya ba zai mayar da su na dabba ba.

Na koyi wannan ne a kan wani zomo da na yi tun farkon farawata. Na yanke ƙafafun baya daidai tsawon na gaba don in ga sun yi daidai wa daida, na shafe yini biyu ina caccaka, na sa masa dogayen kunnuwa da 'yar jela fara, amma duk wanda ya kalle shi sai ya ce ɗan tunkiya ne mai manyan kunnuwa. Na ƙara gashi a cinyoyi, sai ya koma ɗan tunkiya mai ƙiba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya riga ya bushe, dole na warware shi na koma kan waya.

Hanyar haɗawa mafi ƙarko ita ce ta waya biyu. A ninka ta farko a tsakiya, wurin ninkin ya zama kai, a murɗa biyun tare su zama wuya, sannan a raba su su sauka a matsayin ƙafafun gaba. Ta biyu a rataya tsakiyarta a gindin wuya, a zagaya kowane ɓangare a kafaɗa sau biyu, a haɗa su a murɗa su zama ƙashin baya, a sake raba su a ƙugu su zama ƙafafun baya. Jela sai a ɗaura ta da siririyar waya a jikin ƙashin baya, a bi da ita har tsakiyar baya don kada ta zare. Kada murɗin ya yi tsanani, domin alminiyum da aka matse ƙwarai ya riga ya gaji tun kafin a fara juya shi.

Abu biyu kuma a tuna lokacin yanka. Na farko, a bar rarar kimanin santimita 1 a ƙarshen kowace ƙafa don a ninke bakin wayar ya koma baya, in ba haka ba wata rana zai huda gashi ya fito. Na biyu, ciki da ƙirji suna cinye saman ƙafafu idan an gina su, saboda haka ƙwarangwal mai kyau yakan yi kama da wanda ƙafafunsa suka ɗan yi tsawo fiye da kima, kansa kuma ya yi ƙanƙanta.

Me ya sa gashi yake zamewa a kan waya?

Domin waya santsi gare ta, kuma allura ba ta iya manna gashi a jikin ƙarfe, sai dai ta haɗa gashi da gashi. Shimfiɗar farko naɗa ta ake yi, ba sokawa ba. Ana iya goga kakin zuma a jikin wayar, ko a shafa gam kaɗan ƙwarai, ko a fara zagaye ta da waya mai gashi-gashi don a sami abin da zai kama. A yi hattara da gam: idan ya yi yawa ya bushe a cikin gashi, wurin zai zama kamar dutse, allura ta riƙa karyewa a kansa.

Sai a tsago gashi siriri, faɗinsa bai kai yatsa ba, a riƙe shi kusa da wayar, a naɗa shi a shimfiɗe kamar bandeji, kowane zagaye yana hawa rabin na baya, ana ja da ƙarfi. Idan aka bar shi ya murɗe ya zama igiya, ƙafar za ta fito da gargada, kuma gargadar ba ta ɓoyuwa. A fara daga jiki a gangara zuwa ƙafa, a juyo a koma sama, a ƙare a wuri mai kauri inda za a iya soke bakin gashin. Shimfiɗa uku sirara sun fi ɗaya mai kauri.

Wane irin gashi ya kamata a saya?

Iri biyu ake samu a kasuwar wannan sana'a. Akwai wanda aka tsefe ya zama shimfiɗa mai silin da ya bi ko'ina, wannan shi ne mai saurin dunƙulewa, kuma shi ya dace da gina jiki. Akwai kuma wanda aka taje ya zama doguwar igiya mai silin da ya jeru wuri guda, wanda ya fi kyau ga naɗin ƙafafu da dogon gashin waje.

Ana auna kaurin sili da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Gashin nau'in tumakin da ake kira Merino, wanda yawancinsa bai wuce maikiron 24 ba, yana da laushi da launuka masu kyau, shi ya sa masu koyo suke rububinsa, amma yana da jinkiri ƙwarai kuma yana nuna ramukan allura. Na tumakin Corriedale, mai kimanin 25 zuwa 30, ya fi sauƙin sarrafawa, na tumakin Romney kuma ya fi shi kauri. A gina ciki da gashi mai kaushi mara rini, a adana mai launi don shimfiɗar ƙarshe. A guji gashin da aka sarrafa don ya jure wankin inji, domin an lalata ko an rufe ɓawon da ake buƙata.

Wace allura za a fara da ita?

Lambar allura ma kamar ta waya take: 32 da 36 masu kauri ne, 38 matsakaiciya, 40 da 42 sirara. Mai kauri tana tura gashi da yawa tana barin rami, siririya tana tura kaɗan tana gyara fuska. Akwai mai gefe uku, da mai gefe huɗu da ake kira tauraruwa, da murɗaɗɗiya, da kuma mai tsagu a juye wadda take jawo gashi waje maimakon tura shi. Lamba 38 tauraruwa da lamba 40 mai gefe uku za su kai mutum ƙarshen dabbarsa ta farko. Idan allura ta fara ƙin shiga, ba ƙarfi ake ƙarawa ba, siririya ake komawa.

Me ya sa allurai suke yawan karyewa?

An yi su da ƙarfe mai tauri ƙwarai, mai gautsi, wanda ba ya lanƙwasuwa, sai dai ya ɓalle. Dole ta fita ta kusurwar da ta shiga. Da zarar an karkata hannu tana ciki, ko an yi amfani da ita wajen ɓanɓaro gashi, ta tafi. A kan ƙwarangwal kuma ga waya a tsakiya. Dabarar ita ce a riƙa soka ta gefen wayar, ko a kwantar da allurar ta bi tsawon ƙafa, a hankali, ba da zurfi ba. Idan tsini ya taɓa ƙarfe yatsa yana jin wani ɗan ƙas, kuma wanda yake tafiya a sannu yana da damar tsayawa kafin ta karye. Abin riƙo mai ɗaukar allura uku ko biyar ba na wurin waya ba ne.

Idan tsini ya karye a ciki, kada a bar shi. A matsa wurin a hankali ko zai leƙo, in bai leƙo ba a tsaga da ƙaramin almakashi a ciro shi da matsefata. Maganaɗisu yana taimakawa wajen gano inda yake, kuma a nan alminiyum yana da wani amfani, tunda maganaɗisu ba ya kama shi, allurar kaɗai zai nuna. Yatsun hannun da ke riƙe da aikin kuwa a sa musu safar fata, a kuma ɗora aikin a kan soso mai tauri ko matashin gashi, ba a kan cinya ba.

Yaya ake yin yatsu sirara, irin na ɓera ko na tsuntsu?

A nan kusan babu aikin allura. A ɗauki waya lamba 26 mai rufi, a shafa mata kaki, a naɗa gashi kaɗan ƙwarai har ya ɗan wuce inda yatsan zai ƙare, sannan a ninke bakin wayar tare da gashin da ke kansa, a ci gaba da naɗi a kan ninkin a koma baya. Ta haka tsinin yatsa yana rufe, ba zai tsiraita ba. A murza shi tsakanin tafin hannu biyu ya kwanta. Kowane yatsa a gama shi daban kafin a haɗa su a ɗaura a ƙafa.

Ta ina ake fara gina jiki, kuma yaushe za a san ya yi tauri daidai?

Bayan an naɗe ƙwarangwal duka, a cika ƙirji da ciki, sannan a yi cinyoyi da kafaɗu daban a kan soso, a bar gefensu a sake ba a caccaka ba, domin wannan sakakken gefen ne zai shige jiki ya ɓatar da mahaɗa. A riƙa yin hagu da dama a lokaci guda, a kuma raba gashinsu daidai tun kafin a fara, in ba haka ba cinya ɗaya za ta fi ɗaya. Gashi yana raguwa sosai idan ya tsuke, saboda haka a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Ƙari ya fi ragi sauƙi, ko da yake almakashi yana gyara wurin da ya kumbura.

Jiki ya yi idan an matsa shi da yatsa ya ɗan lotsa ya dawo nan da nan. Wanda yake da taushi kamar auduga ba zai riƙe ido ko gashin waje ba. Sai dai a gaɓoɓin da ake son lanƙwasawa, a bar su da ɗan sassauci, kuma a sa dabbar a tsayuwar da za ta fi zama a ciki kafin a yi shimfiɗar ƙarshe.

Me ya sa fuskar ba ta kama da ta dabbar da ake nufi?

Sau da yawa wurin idanu ne. Dabbobin da ake farauta, irin su zomo da barewa, idanunsu a gefen kai suke, masu farauta irin su kyanwa kuwa a gaba. A fara gwada wurin da fil mai baƙin kai, a duba daga gaba da sama, kafin a huda. Sai a caccaka gurbi mai ɗan zurfi, a huda da basilla, a ɗiga gam a ƙafar idon gilashi, wato 'yar wayar da ke bayansa, a tura. Ido da aka ɗora a fili ba gurbi yakan zazzaro kamar na tsoro. Ɗan siririn gashi da aka kwantar a samansa a matsayin fatar ido shi ne yake ba fuska natsuwa. Kunnuwa a yi su a shimfiɗe a kan soso, ana ɗagawa ana juyawa don kada su manne, kuma a yi su sirara fiye da yadda ake zato.

Yaya ake dasa dogon gashi?

A yanka gashin da aka taje gajeru gajeru, a kwantar da ɗan kaɗan a jiki, a caccaka layi a tsakiyarsa, a ninke ɓangaren sama ya kwanta a kan na ƙasa, a sake soka gindin. Ana farawa daga jela a nufi kai, daga ciki a hau zuwa gadon baya, don kowane layi ya rufe gindin na baya. A haɗa launi biyu ko uku da hannu kafin a dasa, domin da wuya a sami dabbar da gashinta launi ɗaya ne tak. A ƙarshe a yi aski da almakashi yana bin kwanciyar gashin, ba a gicciye ba.

Dabbar ta ƙi tsayawa, mene ne abin yi?

A tsayar da ita a tebur a duba daga ƙasa ko ƙafa huɗun duka suna taɓawa. Yawanci ɗaya ce ta ɗan fi tsawo, kuma ƙara lanƙwasa gaɓarta kaɗan ya isa. Mai tsayuwa da ƙafa biyu kuwa, jela ce ƙafarta ta uku.

Idan waya ta karye a ciki fa?

Alminiyum yana karyewa idan aka yi ta lanƙwasa shi a wuri ɗaya, shi ya sa ake son waya biyu a murɗe a gaɓoɓi, kuma a riƙa lanƙwasawa a zagaye maimakon kusurwa mai kaifi. In ta karye, a tsaga gashin a tsaye ta cikin ƙafa inda ba a gani, a kwantar da guntuwar sabuwar waya a gefen karayar, a ɗaure su da siririya, a naɗe, a rufe da gashi mai launin wurin.

Za a iya ba yaro ya yi wasa da ita, kuma yaya ake adana ta?

Abin ado ce, ba abin wasa ba. Tana da waya a ciki da idanun gilashi da za su iya cirewa, saboda haka a nisanta ta da ƙananan yara, musamman waɗanda ba su kai shekara 3 ba, da kuma kyanwa, wadda ƙanshin gashin tumaki yake jan ta. Ba a wanke ta, domin ruwa da sabulu da cuɗa suna ƙara tsuke gashi su sauya siffa. Ƙura da burushi mai laushi ake kaɗe ta. Hasken rana kai tsaye yana kashe launi.

Babban abokin gabanta shi ne asu, wanda tsutsarsa take cin gashi a wuri mai duhu da ba a motsawa. Idan aka ga 'yan ramuka ko wani abu kamar yana a jikinta, a sa ta a leda a matse iska a ɗaure, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na makonni 2. Bayan an fito da ita kada a buɗe ledar sai ta dawo da ɗumin ɗaki, don raɓar ta taru a bayan leda maimakon a jikin gashi.